Fiksi Ko Keke Mai Giya? Tambayoyi da Amsoshi Ga Masu Hawan Keke a Sakkwato

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin kabu-kabu da na Keke Napep ya ɗaga, mutane da dama a Sakkwato suka sake waiwayar keke: ɗalibai, malaman makaranta, yaran shago, har da magidantan da suka jingine babur a zaure. Wanda ya fita saye yanzu zai tarar da iri-iri. Ga baƙin keken da iyayenmu suka hau, ga na gwanjo masu giya, ga kuma wani ɗan siriri da samari ke gani a bidiyon intanet suna kwaɗayinsa, wanda ake kira fiksi. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini, na kuma amsa su ne bisa halin garinmu, wato ƙurarsa da zafinsa da titunansa da irin suturar da muke sawa.

Mene ne fiksi, kuma da me ya bambanta da keken da muka sani?

A jikin tayar baya ta keken da muka saba da shi akwai firiwil, ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, wanda ke ƙara ƙyas-ƙyas idan ka daina taka feda. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙarafa da ke kamawa idan ka taka gaba, su saki idan ka tsaya. Shi ya sa kake iya miƙe ƙafa ka huta, keke na ci gaba da tafiya.

Fiksi ba shi da firiwil. An ɗaure ƙarfen mai haƙora ne tamau a jikin cibiyar taya, sun zama abu guda. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa, ko kana so ko ba ka so. In ka taka baya, keken baya zai yi. In kana gudu ka manta ka tsayar da ƙafa, fedar za ta ɗaga ka daga kan sirdi.

Ke nan kekuna uku ne a gabanmu: fiksi, da mai giya ɗaya mai firiwil irin su Raleigh da Phoenix da Hero, da kuma mai giya da yawa. Mutane kan haɗa na farko da na biyu domin dukansu ba a canja musu giya, alhali wurin hawa ba su yi kama ba ko kaɗan.

Sabuwar ƙirƙira ce?

Shi ne ma mafi tsufa. Keken Rover da John Kemp Starley ya ƙera a garin Coventry na Ingila a 1885, wanda daga gare shi siffar keken yau ta samo asali, fedarsa ba ta tsayawa. Sai a ƙarshen shekarun 1890 firiwil ya bazu, jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu. Kamfanin Shimano na Japan da ya shahara da kayan giya, an kafa shi a 1921, kuma da ƙera firiwil ya fara. Giya mai sauya sarƙa daga faranti zuwa faranti, wato ƙarafan nan masu haƙora da sarƙa ke hawa, ba a yarda da ita a babbar tseren keke ta Faransa ba sai a 1937.

Fiksi ya ci gaba da rayuwa ne a filayen tsere masu zagaye, irin wanda ke harabar babban filin wasa na ƙasa a Abuja da aka gina domin wasannin Afirka na 2003. A irin wannan fili babu mota, babu akuya, kowa hanya ɗaya ya nufa, shi ya sa kekunan ba su da birki. Daga baya masu kai saƙonni a birane irin su New York suka ɗauke shi saboda ba ya yawan lalacewa, a shekarun 2000 kuma ya zama abin yayi tsakanin matasa.

Malam, a taƙaice wanne ya fi dacewa da Sakkwato?

Ga yawancin masu zirga-zirga cikin gari, daga Mabera zuwa babbar kasuwa, ko daga Runjin Sambo zuwa Gawon Nama, mai giya ɗaya mai firiwil da birki biyu masu kyau shi na fi ba da shawara. Duk abin da ake yabon fiksi da shi na sauƙin gyara da rashin tarkace, wannan keken yana da shi, kuma bai hana ka hutawa ba.

Wanda tafiyarsa ke da nisa, ko yana hawa da sauka, ko gwiwarsa ta fara ciwo, ya nemi mai giya, da sharaɗin zai riƙa wanke shi. Fiksi kuwa na mai neman motsa jiki ne da wasa, wanda ya riga ya ƙware da keke, kuma ya yarda zai sa birki.

Ai garin shimfiɗe yake, me zan yi da giya?

Ba ko'ina ba. Tsohon birni a kan tudu yake zaune, yana kallon fadamar Rima da gulbin Sakkwato. Duk ɗalibin da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Kwalkwalawa ya san haka: da safe gangara ce mai daɗi zuwa fadama, da yamma kuma, bayan ka gaji, sai ka biya bashin gangarar nan wajen hawowa gari.

Kuma ba tudu kaɗai ke sa a nemi giya mai sauƙi ba. Akwai iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, wadda in ka fuskance ta a fili sai ka ji kamar an riƙe maka keke ta baya. Akwai rairayi a unguwannin da kwalta ba ta kai ba, da wanda ruwan damina ke tarawa a gefen titi. A cikin rairayi abin da ake so shi ne ƙafa ta riƙa juyawa da sauri ba tare da nauyi ba, giya ƙarama ce ke ba da wannan. Sai kuma yawan tsayawa da tashi a cunkoso: mai giya kan sauke ta kafin ya tsaya, ya tashi cikin sauƙi, mai giya ɗaya kuwa kullum da ƙarfin cinya yake tashi.

To ina matsalar mai giya?

Ƙura. Nan ne maganar take, kuma nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu.

Ƙarfen canjin giya yana rataye ne ƙasa-ƙasa a gefen dama na tayar baya, da 'yan ƙananan wili biyu da sarƙa ke ratsawa, daidai inda taya ke watso ƙasa. Sarƙar mai giya ta fi siranta, faɗinta 3/32 na inci a kekuna masu faranti 6 zuwa 8 a baya, ta mai giya ɗaya kuwa 1/8 ce, ta fi kauri da juriya. Sannan ba a iya rufe ta da cikakken murfin kwano irin na baƙin keke, domin tana buƙatar matsawa hagu da dama. A buɗe take tana shan ƙura wata da watanni.

Abin da ke ƙarasa kashe ta shi ne baƙin mai. Mutum ya ji sarƙa na kuka, sai ya je wurin mai gyaran babur a tsiyaya masa tsohon man inji har yana ɗiga. Man nan yana kama ƙura, su haɗu su zama wani baƙin kwaɓi da ke cin ƙarfe kamar yashin da ake cuɗa tukunya da shi. Bayan ɗan lokaci haƙora su yi tsini, sarƙa ta saki, ka taka da ƙarfi ta yi tsalle. A lokacin ba sarƙa kaɗai za a canja ba, har da farantan baya.

Dubi yadda mai gyaran da ya san aikinsa ke yi a gindin dogon yaro. Zai kifar da keken a kan sirdi, ya zuba kananzir a gwangwanin madara, ya sa tsohon buroshin haƙori ya bi sarƙar gaɓa-gaɓa har ƙarfen ya fito fari. Ya bar ta ta sha iska, ya ɗiga mai marar kauri ɗis-ɗis a kan kowace gaɓa, ya juya feda baya, sannan ya kama sarƙar da tsumma ya goge har sai in ka taɓa ba ta ɓata maka yatsa sosai ba. Man da ke cikin gaɓa shi ke aiki, na waje tarkon ƙura ne kawai. Wanda zai iya yin haka duk mako biyu a lokacin hunturu, mai giya zai daɗe masa. Wanda ya san ba zai yi ba, kada ya saya.

Abu na biyu shi ne faɗuwa. In keke ya faɗi ta dama a wurin ajiya, a ƙofar masallaci ko makaranta, ɗan ƙarfen da ke riƙe da canjin giya yakan lanƙwashe ciki. Ba ka gani da ido, sai ranar da ka sa babban farantin baya ya shige cikin wayoyin taya. In kana jingine keke, gefen sarƙa ya kalli waje, kada a danne shi da wani.

An ce fiksi ba ya buƙatar birki, da ƙafa ake tsayar da shi. Gaskiya ne?

Ana iya rage gudu da ƙafa, gwanaye kuma kan ƙame ƙafa su sa tayar baya ta ja ƙasa. Amma don Allah kada wani ya hau titin Sakkwato da keke marar birki. Idan keke na tsayawa, nauyin mahayi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau, don haka yawancin ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Wanda ya dogara da ƙafa kaɗai ya zubar da wannan ƙarfin, tazarar da yake buƙata kafin ya tsaya ta fi tsawo ƙwarai, in kuma akwai rairayi a kan kwalta tayar zamewa kawai za ta yi. In sarƙa ta sauka ko ta tsinke, ba shi da abin tsayawa sam.

Ka tuna yadda titin Ahmadu Bello ko bakin kasuwa yake da yamma. Ɗan kabu-kabu ya hango fasinja ya yanko gabanka ba sigina, mai Napep ya ja birki a tsakiyar hanya, yara 'yan Islamiyya sun ɓullo daga lungu a guje, ga mai baro, ga tumaki. Duk wannan cikin taku kaɗan yake faruwa. A Landan a 2016 wani matashi a kan fiksi marar birkin gaba ya kaɗe wata mata tana ƙetare titi, ta rasu, kotu ta ɗaure shi wata 18 a shekarar da ta biyo. Dokar Birtaniya ta wajabta birkin gaba a kan irin wannan keke. Rayuwar da za a salwantar a nan ba ta mai keken kaɗai ba ce, shi ya sa nake nanata maganar. Birkin gaba dole ne, sabon shiga kuma ya sa har na baya.

Da kaftani da silifas nake hawa. Akwai damuwa?

A kan fiksi akwai babbar damuwa. In bakin wando ko gefen riga ya shiga sarƙar keke mai firiwil, sai ka daina taka feda, ka tsaya, ka juya baya ka zare. A fiksi taya ce ke jan sarƙa, ba za ta saurara ba har sai ta naɗe tufar ko ta kayar da kai. Haka yatsa in ana goge sarƙa taya na juyawa, mutane sun rasa kan yatsa ta wannan hanya. Kada a bar yaro ya yi wasa da fedar fiksi da aka kifar.

Sannan fiksi yana son a ɗaure ƙafa a jikin feda da maɗauri, domin in ƙafa ta zame ana gudu, mayar da ita kan fedar da ke wulwulawa abu ne mai wuya. Silifas ba ta riƙe maɗauri. Mai sa manyan kaya da takalmi buɗaɗɗe, keke mai murfin sarƙa aka yi dominsa. A mai giya kuma a naɗe ƙafar wando ta dama ko a ɗaure ta da roba.

Zafin gari fa?

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Sakkwato yakan haura digiri 40. Duk daƙiƙar da ka miƙe ƙafa iska na kaɗa ka, jiki yana samun sauƙi. Fiksi ba ya ba da wannan dama, ko a gangara aiki kake yi. In azumi ya zo cikin bazara, bambancin ba ƙarami ba ne.

In giya ɗaya zan hau, haƙora nawa ya kamata in zaɓa?

Ƙirga haƙoran farantin gaba, ka raba da na baya, ka ninka da zagayen taya. Siririyar tayar kekunan tsere zagayenta kusan mita 2.1 ne. In gaba 44 ne baya 18, kowane juyin feda zai kai ka mita 5 da 'yan kai, in kana juyi 60 a minti kana tafiyar kusan kilomita 18 a awa. In 46 da 16 ne, juyi ɗaya mita 6 ne, gudun ya kusa kilomita 22 a awa, amma tashi daga tsaye ya yi nauyi.

Ga cikin gari na fi son 44 da 18. Mai ɗaukar kaya ko mai shekaru ya sa 20 a baya, canjin firiwil ɗaya da ƙarin gaɓar sarƙa ne kawai, kuma mutane da yawa da ke ganin sai sun sayi mai giya wannan ɗan canjin ya ishe su. Mai fiksi ya lura da ɗaya gefen lissafin: a 44 da 18, in gangara ta kai shi kilomita 35 a awa, ƙafarsa sai ta juya fiye da sau 110 a minti.

An rubuta giya 21 a jikin keken. Ya fi mai 7 ke nan?

Faranti 3 ne a gaba da 7 a baya aka ninka. Da yawa daga cikinsu maimaici ne, wasu kuma suna karkata sarƙa har ba a son amfani da su. Amfanin gaskiya shi ne faɗin tazara, daga kamar mita 2 a kowane juyi zuwa mita 7. A Sakkwato faranti ɗaya a gaba da 6 ko 7 a baya ya wadatar, ka huta da waya ɗaya da ƙarfen canji ɗaya.

Zan iya mayar da kekena fiksi? Wani ya ce a yi wa firiwil walda.

Kada ka yarda da walda. Firiwil murɗa shi ake yi a jikin cibiya, taka feda gaba na ƙara ɗaure shi. Ranar da ka danne feda baya da ƙarfi don ka tsaya, kwancewa zai yi, kuma daidai lokacin da kake buƙatarsa ke nan. Cibiyar fiksi ta ainihi tana da wani zobe na biyu da ake murɗawa ta hagu, wanda ke ƙara kamewa duk lokacin da na ciki ya nemi kwancewa.

Sai kuma jikin keken. Ramin da ƙarfen tayar baya ke shiga dole ya zama dogo a kwance, yadda za a ja taya baya a ɗame sarƙa, a bar mata wasan kamar santimita 1 sama da ƙasa. Yawancin kekunan gwanjo masu giya raminsu a tsaye yake, ba su dace ba. Akwai cibiya mai fuska biyu, gefe ɗaya fiksi, ɗayan firiwil, in ka gaji da wannan ka juya taya. Mai son gwadawa ita ya kamata ya nema.

Shin fiksi ba shi da wani alheri ne?

Yana da shi, ba zan tauye masa ba. Ba shi da nauyi, sarƙarsa a miƙe take don haka ƙarfinka ba ya ɓata, ba ya ƙara, kuma babu abin da ƙura za ta toshe a cikinsa, ko firiwil ma wani lokaci ƙura kan sa ya daina kamawa. Yana koya wa ƙafa juyi mai tsari, yana sa mutum ya riƙa hangen nesa a hanya, kuma a tafiyar sannu-sannu ana sarrafa shi da ƙafa yadda ake so. Wanda ya fita bayan sallar asuba, kafin ababen hawa su cika titi, ya ɗauki hanyar filin jirgi a kan fiksi mai birki, zai ji daɗin da ke sa masu shi ba sa rabuwa da shi. Sai dai ya kula a shataletale: tun da feda ba ta tsayawa, in ya kwanta da yawa a kwana za ta bugi kwalta. A kan tudun rage gudu ma sai ya koyi ɗagawa daga sirdi ƙafa na juyawa.

Ina ɗaukar jarkoki da buhu, wani lokaci da goyon yaro.

Baƙin keke mai kariyar ɗora kaya a baya, babu wata tantama. Jarka mai lita 25 ta ruwa nauyinta ya kai kilo 25, biyu sun zama 50 a kan tayar baya. Kekunan Phoenix na Shanghai da Hero da Avon na Ludhiana a Indiya, da Raleigh wanda har masana'anta ya taɓa yi a Kano, don irin wannan aiki aka ƙera su, kuma duk mai faci a gari ya san cikinsu da wajensu. Rauninsu birkin sanda ne, musamman in ruwa ya jiƙa ƙarfen taya, don haka a riƙa duba robar birki kafin damina. Fiksi da kaya ba sa haɗuwa.

Na ga wani keke mai giya amma ba farantai a baya.

Giyarsa a cikin cibiyar taya take, a rufe. Kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham ya fara yin mai hawa 3 tun 1902, Shimano ma yana yi. Ta dace da ƙurarmu sosai, ana sa mata murfin sarƙa, ana kuma canja ta ko a tsaye. Kafin ka saya ka tabbata akwai mai gyaran da ya taɓa buɗe irinta, kuma ka gwada kowace giya a kan hanya kana takawa da ƙarfi.

Yarona ya matsa sai fiksi. Me zan ce masa?

Alhaji, in makaranta zai riƙa zuwa da shi, saya masa mai giya ɗaya mai firiwil. Akwai sirara masu launi da siffarsu ɗaya da fiksi a ido, da birki biyu, galibi siffar ce ke burge su. In ya girma ya ƙware, kuma ka ga yana da natsuwa a hanya, sai a juya masa taya in cibiyar mai fuska biyu ce. Yarinya mai hijabi kuwa a nema mata mai murfin sarƙa da raga a gefen tayar baya, don kada gefen hijabi ya shiga wayoyin taya.

Me zan duba in zan sayi na gwanjo?

Fara da jikin keken: bi wuraren walda da ido, musamman wuyansa da gindin feda, in ka ga tsagewa ko fenti ya tattare kamar an taɓa bugawa, bar shi. Ɗaga kowace taya ka juya, ka ga ko tana rawa tsakanin robobin birki. Kama taya ka girgiza gefe da gefe, in tana motsi boris ya ci ko ya saki. Ja sarƙa daga gaban farantin gaba, in ta ɗago har kana ganin haƙori a ƙarƙashinta, ta ƙare. A mai giya tsaya ta baya ka duba ko ƙarfen canjin yana tsaye daidai ƙarƙashin farantai, sannan ka hau ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Tambayi girman taya ma. Inci 26 da 28 an fi samun tayarsu da tub ɗinsu a gari. Siririyar taya ta tsere tana nutsewa a rairayi, ƙayar tsidau kuma ba ta raga mata, don haka in jikin keken zai karɓi mai faɗi, a sa mai faɗi tun a wurin saye, a haɗa kuɗinta da na sababbin robobin birki cikin ciniki.